Saurari ciwon kafin ka sa hannu: gyaran na'urar waƙa ta Raspberry Pi

Na'urar waƙata na haɗa ta ne da Raspberry Pi 3B+, 'yar kwamfuta mai faranti ɗaya, da ɗan farantin DAC, wato abin da ke mayar da waƙar kwamfuta sautin da amfilifaya ke karɓa, mai guntun PCM5102A, da tsohuwar amfilifaya da na daɗe ina ji da ita. Waƙoƙin suna kan ma'ajiyar netwok a ɗaya ɗakin, manhajar moOde ce ke jan ragama, ni kuma ina zaɓar abin da nake son ji daga wayata. Mako uku tana aiki lafiya lau. Daga nan sai ta fara i'ina: waƙa na tafiya, ta ɗauke na ƙiftawar ido, ta dawo. Sau huɗu ina goge katin memori ina sake zuba manhaja. Na koma Volumio, wata manhajar waƙa irinta, na dawo moOde, ciwon yana nan daram. Ashe duk wannan wahalar, kebul ɗin caja ne siriri wanda ba ya isar da wuta.

Abin da nake son ka ɗauka daga wannan labarin shi ne, kowace matsala tana da irin muryarta. Shiru daban, i'ina daban, ƙugi daban, ɓacewa daga waya daban, kuma kowanne yana nuna inda za ka duba. Sake zuba manhaja shi ne abu na ƙarshe, domin yana share sawun ɓarawon ne kawai, ba ya kama shi.

Kafin ka taɓa komai, cire katin ka kwafe shi gaba ɗaya a kwamfuta, ko da na'urar tana da lahani. Sannan ka samu takarda da biro. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa, ka gwada, ka rubuta abin da ya faru. Idan ka canza caja da kebul da saitin Wi-Fi a zama ɗaya ta warke, ba ka san me ya warkar da ita ba, kuma ranar da ciwon ya dawo daga farko za ka fara. Za ka kuma buƙaci shiga na'urar ta SSH, wato hanyar buga mata umarni daga wata kwamfuta, don yawancin umarnin da zan kawo a can ake buga su.

Fara da wuta, ko da kana ganin ba ita ba ce

Pi 3 tana son bolt 5.1 da amfiya 2.5 ta ƙofar micro USB. Pi 4 tana son amfiya 3 ta USB-C. Pi 5 kuwa cajarta ta asali mai wat 27 ce. Da zarar wutar da ke isa farantin ta sauka ƙasa da kimanin bolt 4.63, sai na'urar ta rage gudun kanta don ta tsira, kuma a wannan lokacin ne sauti ke tsinkewa, Wi-Fi ya ɗauke, katin memori ya fara lalacewa a hankali. Da da talabijin a jikinta, da ka ga alamar gargaɗi. To na'urar waƙa ba ta da allo, tana can bayan amfilifaya tana kuka ba mai ji.

Tambaye ta da kanka:

vcgencmd get_throttled

Idan ta amsa da 0x0, wuta lafiya tun da aka kunna ta. Idan ka ga 0x50000, wutar ta taɓa faɗuwa tun tashinta, amma yanzu ta daidaita. Idan kuwa 0x50005 ne, a wannan daƙiƙar ma tana cikin ƙarancin wuta. Kada ka buga umarnin da zarar ta tashi ka ce shi ke nan. Bar ta ta yi awa guda tana waƙa, har i'inar ta faru, sannan ka duba, domin sake kunnawa yana goge wannan shaidar. Jan fitilar da ke jikin farantin ma shaida ce: ya kamata ta tsaya cak. In tana ƙiftawa ko tana mutuwa, ba sai an faɗa maka ba.

Ga abin da ya ruɗe ni. A jikin cajata an rubuta amfiya 3, sai na cire ta daga zargi. Amma wuta ba daga caja take tsalle ta faɗa cikin na'ura ba, ta kebul take bi, kuma siririn kebul mai tsawo yana cin rabonsa a hanya. Yi lissafi: a ce turjiyar kebul, zuwa da dawowa, om 0.3 ce, na'urar kuma ta ja amfiya 1.5. An yi asarar bolt 0.45 ke nan. Cajar waya mai ba da bolt 5 daidai ta koma 4.55, ta faɗa ƙasa da iyaka. Shi ya sa cajar da aka yi domin Pi take ba da 5.1, kuma kebul ɗinta mai kauri ne, manne da ita. Da na sa gajeren kebul mai kauri, lambar ta koma 0x0, i'inar ta tafi ba ta sake dawowa ba.

Idan kana da faifan ajiya mai juyawa a ƙofar USB, ka tuna dukkan ƙofofin USB na Pi 3 da Pi 4 amfiya 1.2 suke rabawa a tsakaninsu, kuma faifan ya fi jan wuta a daidai lokacin da yake tashi daga barci. In ka lura waƙa tana tsinkewa ne a daidai lokacin da ka ji faifan ya fara juyawa, ba shi wutarsa daban.

Zafi bai cika zama matsala ba, kunna waƙa ba aikin wahala ba ne gare ta. Buga vcgencmd measure_temp, in ba ka kusanci digiri 80 ba, wuce gaba.

Shiru

Waya tana nuna waƙa na tafiya, lokaci yana ƙirgawa, lasifika tsit. Nan ma akwai tsari. Fara da aplay -l, wanda zai jero duk na'urorin sauti da tsarin yake gani. Idan DAC ɗinka ba ya cikin jerin, kada ka ɓata lokaci a kan manhajar waƙa, tsarin ma bai san da shi ba.

DAC mai zama a kan filoli 40 na Pi ta hanyar I2S, tsarin aika sauti tsakanin guntaye, yake karɓar sauti, kuma sai an sanar da tsarin a fayil ɗin config.txt. A da yana /boot/config.txt, amma tun fitowar Raspberry Pi OS Bookworm a 2023 ya koma /boot/firmware/config.txt. Na sha ganin mutum ya bi tsohon bayani ya yi ta gyara fayil ɗin da ba a karantawa. Ga guntun PCM5102A, layin da ake so shi ne dtoverlay=hifiberry-dac. Ga mai PCM5122, galibi hifiberry-dacplus ne, ko wanda mai farantin ya ambata. Kashe sautin cikin gida ta hanyar mayar da dtparam=audio=on zuwa off, don kada su yi ta rige-rigen lamba. A moOde da Volumio kuwa, daga shafin saiti za ka zaɓi sunan DAC ɗin, kada ka gyara fayil da hannu, domin su ke rubuta fayilolinsu da kansu, za su iya taka abin da ka rubuta.

To yanzu a ce ya bayyana a jerin, amma har yanzu shiru. A nan nake son in ɗan daɗe, saboda ƙananan farantan PCM5102A masu araha suna da tarkon da ya kama mutane da yawa. Guntun ba ya mayar wa Pi da amsa ko kaɗan. Da ka sa layin a config.txt, tsarin zai nuna maka katin sauti ko da ba ka jona waya ɗaya ba. Ganinsa a aplay -l ba hujja ba ce cewa wayoyinka daidai suke. Bi su ɗaya bayan ɗaya: BCK zuwa GPIO 18, wato fil na 12, LRCK zuwa GPIO 19, fil na 35, DIN zuwa GPIO 21, fil na 40. Lambar GPIO daban, lambar fil daban, kuma a nan ake yawan zamewa. Ƙafar SCK a haɗa ta da ƙasa, GND, don guntun ya samar wa kansa agogo daga BCK. Sannan ka juya farantin. A bayansa akwai wuraren dalma guda huɗu, ɗaya daga ciki na XSMT ne, makunnin da ke toshe sauti. In ba a ɗaga shi zuwa ɓangaren H ba, guntun a toshe yake, komai ka yi ba zai yi magana ba. Nawa haka ya zo, ba dalma a ko'ina. Ɗigon dalma ɗaya ya buɗe masa baki.

Don gwaji, tsayar da MPD, manhajar da ke kunna waƙa a cikin moOde, da sudo systemctl stop mpd, ka rage ƙarar amfilifaya sosai, sannan ka buga:

speaker-test -D plughw:1,0 -c 2 -t wav

Sauya lamba 1 da lambar da aplay -l ya ba katinka. Maganar rage ƙara da gaske nake yi: wannan guntun yana fitar da kusan bolt 2.1 cikakke, kuma ba shi da abin rage murya a cikinsa. Shi ya sa ma idan ka buɗe alsamixer ba za ka ga komai ba, ba lalacewa ya yi ba, sai dai ka zaɓi rage murya ta manhaja. In ka ji murya tana ambaton hagu da dama, to daga Pi har lasifika hanya a buɗe take, laifin yana saitin manhaja.

Abu biyu ke yawan faruwa a can. Na farko, lambar kati tana iya sauyawa daga tashi zuwa tashi, musamman da DAC na USB: yau shi ne na 1, gobe na 2, manhaja kuma tana ta aika waƙa zuwa HDMI da ba kowa a ƙarshensa. Kira katin da sunansa maimakon lamba, misali hw:CARD=sndrpihifiberry. Na biyu, saƙon da ke cewa na'urar tana hannun wani. Idan MPD da Shairport Sync na AirPlay da librespot na Spotify duk suna kan na'ura ɗaya, wanda ya riga kama katin kai tsaye ba ya sakin wa na baya. Umarnin sudo fuser -v /dev/snd/* zai nuna maka wanda ya riƙe.

I'ina da ƙas-ƙas

Idan wuta ta fita daga zargi, ga gwajin da na fi so, don yana raba gardama gida biyu nan take. Kwafi waƙa ɗaya, wadda ka san tana tsinkewa, ka sa ta a kan katin memorin na'urar. Kunna ta daga can. In ta tafi sumul, netwok ne. In ta tsinke a nan ma, ka bar rauta ta huta.

Mutane suna zaton faɗin hanya ne ke kasawa. Da wuya. Sauti mai ingancin faifan CD kilobit 1411 ne a daƙiƙa, FLAC, fayil ɗin waƙa da aka matse, ma bai kai haka ba. Ko mai bit 24 da kilohaz 192 kimanin megabit 9.2 ne kawai. Kowane Wi-Fi zai ɗauki wannan. Abin da ke kashe waƙa shi ne ɗan tsaikon da ke zuwa jefi-jefi, ya fi abin da na'urar ta tanada a rumbunta tsawo. Ka buga ping zuwa adireshin rauta daga cikin Pi, ka zuba ido na minti biyar. In lambobin suna zaune a ƙasa sai kwatsam ɗaya ta haura ɗaruruwa, ko wasu su ɓace, ka ga abin da kunnenka ke ji.

Wanda na fara zargi shi ne barcin da Wi-Fi ke yi don tattalin wuta. Duba da iw wlan0 get power_save, ka kashe da sudo iw wlan0 set power_save off. Wannan ba ya wuce sake kunnawa, don haka in ya yi magani sai ka tabbatar da shi a saitin netwok. Bayan shi sai ƙarfin sigina: iw dev wlan0 link. Sigina kusa da -55 yana da kyau, ya kai -70 ka fara shiga wahala. Kyakkyawan akwatin ƙarfe da ka saka na'urar a ciki yana iya zama shi ne ya toshe eriyar, domin a jikin farantin take. Pi 3B da Zero 2 W zangon gigahaz 2.4 kaɗai suke ji, 3B+ da 4 suna jin na 5, wanda ya fi sarari. Bluetooth kuma a zangon 2.4 yake, guntu ɗaya da eriya ɗaya suke rabawa da Wi-Fi, shi ya sa jawo waƙa ta Wi-Fi a tura ta lasifikar Bluetooth yake yawan kawo tsinkewa. In ba ka amfani da shi, dtoverlay=disable-bt ya sallame shi. Ni dai a ƙarshe kebul na ja daga rauta, kuma duk wanda zai iya, shawarar da zan ba shi ke nan. Na'urar da ba ta motsi daga inda take ba ta da dalilin dogaro da iska.

Sai dai akwai togiya ɗaya. A Pi 3 da waɗanda suka gabace ta, ƙofar kebul ɗin netwok da ƙofofin USB duk ta hanyar USB 2.0 guda ɗaya suke bi zuwa ƙwaƙwalwar na'urar. Idan DAC ɗinka na USB ne, waƙar tana shigowa ta wannan hanyar ta kuma fita ta ita, sai ka riƙa jin ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye, musamman a manyan fayiloli. Pi 4, da ta fito a 2019, ta raba su. Mai Pi 3 yana da zaɓi: ya koma DAC na I2S, ko ya gwada Wi-Fi na gigahaz 5 a 3B+ don ya rage wa hanyar kaya.

Masu jona DAC da wayoyin tsalle kuma, ku gajarta su. Nawa ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Dogaye, masu lilo, suna kawo tsatsa a sauti wadda za ka rantse daga fayil take.

Ƙugi

Ƙugi mai kauri wanda ba ya sauyawa, ko ana waƙa ko ba a yi, wannan ba ruwan manhaja. Wutar gida ce mai haz 50 ko 60 ta samu hanyar zagayawa tsakanin na'urori biyu ta wayar ƙasa. Zare kebul ɗin sauti daga bayan amfilifaya. In ƙugin yana nan, amfilifayar ce. In ya tafi, mayar da shi, ka kunna Pi da batirin cajin waya maimakon soket. Ya yi shiru? To ta caja yake shigowa. Bai yi ba? Cire HDMI, cire kebul ɗin netwok, ɗaya bayan ɗaya. Kebul ɗin netwok mai rigar ƙarfe a kansa yana iya ɗauko ƙasa daga rauta, na roba zalla ba ya yi. Sau da yawa jona Pi da amfilifaya a soket ɗaya ya wadatar, in ya ƙi akwai 'yar na'urar raba ƙasa da ake sawa a kebul ɗin sauti.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka yanke ko ka cire ƙafar ƙasa ta filogin amfilifaya don ƙugi ya tafi. Zai iya tafiya, amma wannan ƙafar ita ce ke tsakaninka da wuta ranar da wani abu ya ƙone a ciki ya taɓa jikin ƙarfen.

Akwai kuma siririn tsiii mai bin ƙiftawar koriyar fitila. In ta ramin iyafis na jikin Pi kake ɗaukar sauti, to haka yake, ba DAC na gaske ba ne a bayansa, Pi 5 ma ba ta zo da ramin ba. Sa DAC.

Ta ɓace daga waya, ko waƙoƙin sun ɓace

Sunaye irin moode.local da volumio.local, da bayyanar na'urar a jerin AirPlay ko Spotify, duk sun dogara ne da shelar da na'urori ke yi wa juna a cikin netwok ɗaya. In sunan ya ƙi buɗewa, shiga shafin rauta ka nemo lambar IP, ka buga ta kai tsaye. Ta buɗe? To na'urar lafiya take, shelar ce ba ta isowa. Duba ko wayarka tana kan Wi-Fi na baƙi, ko VPN a kunne yake, ko rauta tana da saitin hana na'urori ganin juna. Tun kana wurin, ka sa rauta ta riƙe wa Pi lamba ɗaya har abada, haka ma ma'ajiyar waƙoƙin.

Idan rediyon intanet kaɗai ya ƙi, sauran suna yi, buga timedatectl. Daga Pi 4 zuwa ƙasa babu agogo mai batir, daga intanet take karɓar lokaci, kuma in kwanan wata ya karkace sosai, tashoshin da ke kan https za su ƙi ta.

Ranar da ka buɗe ka ga jerin waƙoƙi wayam, kada gabanka ya faɗi. Yawanci bayan ɗaukewar wuta ne: Pi tana tashi cikin daƙiƙoƙi, ma'ajiyar netwok tana ɗaukar mintoci, sai Pi ta leƙa ta tarar ba kowa. In a wannan halin aka sabunta jerin, MPD zai ɗauka an goge komai. Fayilolinka suna nan. Ga mai haɗawa da hannu, layina a /etc/fstab kamar haka yake:

//192.168.1.20/wakoki /mnt/wakoki cifs credentials=/etc/nas.cred,vers=3.0,ro,iocharset=utf8,nofail,_netdev,x-systemd.automount 0 0

Kalmar x-systemd.automount tana sa a jira sai an nemi waƙa sannan a haɗa, nofail tana hana na'urar maƙalewa wurin tashi, ro kuma tana hana ta goge maka komai ko da kuskure. Ita iocharset=utf8 ita ce ke sa sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ su fito yadda ka rubuta su. In ma'ajiyarka tsohuwa ce sosai mai jin SMB1 kaɗai, wato tsohon tsarin raba fayiloli a netwok, ka sani tun 2017 Linux ya daina gwada shi da kansa, sai ka rubuta vers=1.0, ko da yake sabunta ma'ajiyar ya fi, don wannan tsohon tsarin ba shi da tsaro. Bayan ta haɗu, mpc update zai dawo da jerin. In ya ƙi, journalctl -u mpd zai faɗa maka ko izinin karatu ne babu.

Ta ƙi tashi sam

Jan fitila a kunne, koriya ba ta motsi ko tana ƙiftawa da ƙidaya. Ƙirga. A Pi 4, gajerun ƙiftawa huɗu na nufin ba ta samu fayil ɗin farawa ba, bakwai na nufin ba ta samu kernel, wato zuciyar tsarin, ba. Duka biyun kati suke nunawa. A nan ne kwafin da ka ajiye tun farko zai yi maka rana: zuba shi a sabon kati, cikin minti goma kana jin waƙa. Kada ka mayar da tsohon katin bakin aiki ko da ya karɓi rubutu, wanda ya fara ba ya bari.

Abin da ke kashe kati shi ne zare wuta yana tsakiyar rubutu, da ƙarancin wutar da muka fara da shi. Wani lokacin ma cika kawai ya yi, df -h zai nuna. In a gidanku ba mai haƙurin kashe ta daga waya kafin ya zare filogi, duba piCorePlayer, wanda ke loda kansa cikin RAM ya bar katin ya huta, sai dai shi da Lyrion Music Server yake aiki, wanda a da ake kira Logitech Media Server.

Ni moOde na riƙe, na ƙara mata maɓalli. Layi ɗaya ne a config.txt, dtoverlay=gpio-shutdown, da ɗan maɓallin dannawa tsakanin fil na 5 da na 6. Danna sau ɗaya ta kashe kanta cikin tsari, ka jira koriyar fitila ta daina ƙiftawa, sannan ka zare. Sake dannawa kuma yana tashe ta. Ka lura fil na 5 shi ne GPIO 3, wanda I2C, hanyar da Pi ke aika wa guntu umarni, ke amfani da shi, don haka in DAC ɗinka irin mai PCM5122 ne da ake sarrafawa ta I2C, sai ka mayar da maɓallin wani fil ta hanyar ƙara gpio_pin a layin, ka haƙura da tashin ta maɓalli. Mai PCM5102A ba shi da wannan damuwar, fil na 5 a sake yake.